Injiniya a Ƙofar Makarantar Kasuwanci: Nazari daga Tasawa da Mayahi

A garin Tasawa aka haifi Farfesa Abdu Mumuni Dioffo a shekarar 1929. Shi ne masanin kimiyyar da ya jagoranci ONERSOL, hukumar binciken makamashin rana ta Nijar, daga 1969, kuma a ƙarƙashinsa aka ƙera na'urorin zafafa ruwa da na dafa abinci masu aiki da rana a Yamai, tun kafin makamashin rana ya zama abin yayi a duniya. Ya rasu a 1991, shekara guda bayan haka aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Amma wanda ya zaga kasuwar Tasawa ko ta Mayahi yau zai ga faya-fayen sola jingine a ƙofar shaguna, kusan dukkansu daga Sin suka taso, suka biyo ta hannun 'yan kasuwa. Ilimin ƙira ya samu a ƙasar tun da wuri. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu iya ɗauko abin da aka ƙera daga ɗakin bincike, su yi masa farashi, su nemo masa jari, su kai shi hannun mai saye, su kuma tsaya a bayansa idan ya lalace.

Wannan giɓi ne ke sa matasan injiniyoyi 'yan asalin gundumomin Tasawa da Mayahi, bayan sun yi shekaru suna aiki, su fara tambayar yadda ake shiga makarantar koyon kasuwanci da gudanarwa, a yi digirin da aka fi sani da MBA ko wani masta makamancinsa. Shawarwarin da suke cin karo da su an tsara su ne domin wani mutum daban, injiniyan kwamfuta a Indiya ko Amurka, mai albashin da banki zai ba shi rance a kai, mai fasfon da ofisoshin jakadanci ba sa ja masa rai. Abin da ake faɗa wa wannan mutum sananne ne: ya ci jarrabawar GMAT da maki mai yawa, ya duba jerin makarantun da suka fi suna, ya aika takardunsa a zagayen farko. Ga ɗan Tasawa ko Mayahi, wannan tsari a juye yake. Jarrabawa ita ce ta ƙarshe a lissafinsa. Abin da ke gabanta shi ne aikin da zai dawo ya riƙe, da dokar da aikin ke tafiya a kanta, da kuɗin da ake cinikinsa da shi, sannan wanda zai biya karatun.

Inda ilimin fasaha ke tsayawa

Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Mayahi na da mutum sama da 550,000, Tasawa kuma sama da 500,000. Fiye da miliyan guda ke nan tun a wancan lokaci, akasarinsu manoman gero, wake, gyaɗa, riɗi da aya, masu kiwon jar akuyar Maraɗi. Injiniyan da ya fito daga wannan ƙasa yawanci ta ɗaya daga cikin 'yan ƙofofi ya biyo: makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da aka kafa a 2010, makarantar injiniyoyi ta EMIG ko sashen aikin gona na Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ko 2iE ta Wagadugu ga wanda ya samu tallafi. Aikin da ke jiransa shi ma sananne ne: ma'aikatun gwamnati na ruwa da gine-ginen karkara, kamfanin lantarki na NIGELEC, ayyukan ƙungiyoyin agaji, ko ƙananan kamfanonin kwangila.

Ruwan sha ya isa misali. Tun bayan dokar ruwa ta 2010, ƙananan hukumomi ne ke da alhakin ruwan karkara, kuma tsarin da aka fi bi shi ne ma'aikatar magajin gari ta damƙa wa wani mai zaman kansa tafiyar da shato, wato tankin ruwan gari, da famfunansa bisa yarjejeniya. Injiniya ya san zurfin rijiyar burtsatse, ya san ƙarfin injin da zai ja ruwan, ya san faya-fayen sola nawa ake bukata. Sai dai shato a Kanan Bakashe ko Korgom ba kasafai rashin wannan sani ke kashe shi ba. Abin da ke kashe shi shi ne ba a lissafa nawa za a sayar da bidon ruwa ba ta yadda za a rage wani abu domin sauya injin bayan shekaru. Ba a yi tanadin damina ba, lokacin da mutane ke komawa tabki da rijiyoyi ciniki ya faɗi. Ba wanda ke iya karɓo bashin da ake bin manyan gari, kuma ba wanda ke gwada ruwan da aka ja da ruwan da aka sayar don a ga inda yake zurarewa, ko ta bututu ko ta aljihu. Haka lamarin wuta. Layin da ke kawo lantarki daga Katsina zuwa Gazawa, makwabciyar Tasawa, ya yanke a watan Agustan 2023 lokacin takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar, kuma duk mai injin niƙa ko firjin ƙanƙara ya koyi a aikace cewa tambayar sola da man gas tambaya ce ta jari da shekarun da zai ɗauka kafin ya mayar da kansa.

Misalin da ya fi nuna haɗuwar fasaha da kasuwa a wannan yanki shi ne buhun PICS, buhun nan mai ruɓi uku da ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suka yi aikinsa, aka fara yaɗa shi daga 2007. Kimiyyar buhun ba ta da wuyar fahimta. Wahalar ita ce a samu masana'antar da za ta riƙa yin sa da inganci, aka samu Lela Agro a Kano. A samu dillalai da za su sa kuɗinsu a ciki tun kafin kaka. A kai shi kasuwar ƙauye a makon da manomi ke bukatarsa, domin buhun da ya iso bayan wake ya hude ba shi da amfani. Rabin nasarar buhun a hannun masu bincike take, ɗaya rabin a hannun masu lissafin kaya da bashi da sufuri. Injiniyan da ya gane yana son zama cikin rabi na biyu yana da hujjar neman makarantar kasuwanci.

Akwai ja da ya kamata a saurara. Wani zai ce Alhazan Maraɗi sun tara dukiyar da babu mai digiri a jihar da ya tara, kuma da yawansu makarantar allo kawai suka yi. Gaskiya ne. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan Alhazan, ya nuna ƙarfinsu na cikin arzikin mutane, wato yawan barori da abokan hulɗa da uban gida ke iya aika wa kaya da kuɗi bisa amana, daga Maraɗi har Kano da gaba. Ya kuma nuna sun fi sakin jiki da fatauci, sufuri da gidaje a kan masana'anta, inda kuɗi ke kwanciya shekaru kafin ya dawo. A ganina wannan ja yana raba masu neman gida biyu. Wanda burinsa shi ne sayen wake da aya a Mayahi ya kai kasuwar Dawanau ta Kano, zama a gindin wani Alhaji ya fi masa kowace makaranta, kuma zai fita da abin da makaranta ba ta bayarwa, wato mutane. Makaranta ta wanda aikinsa ke bukatar littafin kuɗi ne da banki zai yarda da shi, ko takardar neman kwangila da za ta tsallake hukumar tantancewa, ko masana'antar matsar mai da sarrafa aya da za a riƙa lissafin tsufan injinanta shekara bayan shekara. Maraɗi ta ga yadda arzikin gyaɗa na zamanin kamfanin cinikin gyaɗa na SONARA, da aka kafa a 1962, ya rushe bayan farin shekarun 1970, kuma har yau yawancin abin da gonakin Tasawa da Mayahi ke fitarwa ɗanye yake tsallaka iyaka.

Dakar, Kano, ko can ƙetare

Tarihi ya riga ya amsa wani ɓangare na tambayar inda za a je karatun. Tsohuwar ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Yamma, CEAO, ita ta haifi EMIG a Yamai, wadda ta fara karatu a 1990, ita kuma ta haifi CESAG a Dakar a 1985. Ɗaya ta horar da injiniyoyi, ɗaya ta horar da masu gudanarwa, domin ƙasashe guda. Bayan rushewar CEAO, babban bankin BCEAO ya karɓi CESAG a tsakiyar shekarun 1990. Injiniyan EMIG da ya nufi CESAG yana bin hanyar da aka share masa tun kafin a haife shi. Karatu da Faransanci ne, kuɗin makaranta da sefa ne, kuma abin da ya fi muhimmanci, dokar da zai koya ita ce dokar da zai dawo ya yi aiki da ita. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar dokokin kasuwanci ta 1993, kuma littafin kuɗin kowane kamfani a ƙasar bisa tsarin SYSCOHADA ake rubuta shi, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a Janairun 2018. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma tana nan cikin UEMOA da kuɗinta.

Sai dai kasuwar Tasawa ba Dakar take kallo ba, Kano take kallo. Daga Tasawa zuwa Yamai kusan kilomita 800 ne, Kano kuwa ta fi kusa nesa ba kusa ba, kuma can wake da aya da dabbobi ke tafiya, daga can kayan gyara da robobi ke zuwa. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Don haka makarantar kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, da ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suna da abin da Dakar ba ta da shi. Abokan ajin mutum su ne ma'aikatan bankuna da 'ya'yan masu masana'antun da zai yi ciniki da su gobe, kuma a wajen aji da Hausa za a yi magana. Faɗuwar naira tun daga Yunin 2023, daga ƙasa da 500 a kan dalar Amurka zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ta sa karatun Najeriya ya yi araha ga mai sefa, ko da yake ita ce kuma ta karya masu kai kaya su karɓo naira. Abin da ke gefe guda na ma'auni shi ma yana da nauyi. Najeriya ba ta cikin OHADA, dokar kamfanoninta ta 2020 da tsarin harajinta daban suke. Jami'o'inta sukan nemi wanda bai karanta kasuwanci ba ya fara yin diflomar share fage ta gudanarwa, shekara guda ke nan ƙari. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas. Iyaka ma ta rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024. Wanda kuma ke son aikin gwamnati a Nijar sai ya tabbatar, tun kafin ya biya ko dala, cewa za a daidaita masa takardar idan ya dawo. Wannan tambaya ta shafi makarantu masu zaman kansu na Yamai da Dakar ma, inda abin dubawa shi ne ko hukumar tantance digirori ta CAMES ta amince da ainihin digirin da mutum zai yi, domin digiri ɗaya-ɗaya take tantancewa, ba makaranta dungum ba.

Manyan makarantun Turai da Amurka fa? A yi lissafi a fili. Kuɗin karatun MBA na wata goma a INSEAD ta Faransa ya kai wajen Yuro 100,000, ban da ci da kwana. A canjin da ba ya motsi na sefa 655.957 kan Yuro guda, sama da miliyan 65 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun Janairun 2024, wato kuɗin makarantar kaɗai ya yi daidai da albashin shekara 130 na ƙaramin ma'aikaci. Ɗaliban da ke ɗaukar irin wannan bashi suna biyan sa ne da albashin Landan ko Dubai. Ma'anarsa, wanda ya shiga da rance ya riga ya yanke shawarar ba zai dawo Tasawa nan kusa ba, ko ya sani ko bai sani ba. Ba laifi ba ne mutum ya zaɓi haka, amma ya zaɓa idonsa buɗe. Ga kuma biza. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, na Amurka kuma ya dakatar da ba da biza a 2025. Duk shirin da ya dogara ga ƙofa guda irin waɗannan, shiri ne mai rauni. Shi ya sa Maroko, mai ISCAE a Kazablanka da tallafin hukumar AMCI, da Turkiyya, mai buɗe neman tallafinta a Janairu da Fabrairu kowace shekara, suka cancanci a duba su da gaske, ba a ajiye su sai an rasa ba.

Rancen gida ma ba sauƙi. A ƙasashen UEMOA, iyakar kuɗin ruwa da aka sa a 2014 ita ce kashi 15 cikin ɗari ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun lamuni, kuma da yawa daga cikin mutanenmu ba za su taɓa bashin ruwa ba saboda addini. Ga wani kuɗi da ba ya fitowa a takardar makaranta: albashin da zai tsaya. Injiniya ɗaya a gida a Urafan ko Maijirgi shi ne buhun hatsin bazara, shi ne kuɗin maganin tsofaffi da na makarantar ƙanne. Kafin ya rubuta wa kowace makaranta, sai ya zauna da mahaifi da yayye a san wanda zai riƙe gidan. Ga mace injiniya maganar ta fi haka yawa, domin akwai miji da yara a ciki, abin da ke sa karatun ƙarshen mako ko na nesa ya zama zaɓi na farko ga da yawansu. Ma'aikacin gwamnati kuma ya nemi izinin tafiya karatu a rubuce, in ba haka ba yana iya dawowa da digiri ya tarar matsayinsa bai motsa ba.

Abin da ke cikin dosiye

Injiniyoyi sun fi tsoron jarrabawa, alhali nan ne suka fi ƙarfi. GMAT a fasalinta na yanzu, wanda ya maye gurbin tsohon a farkon 2024, kashi uku ce, kowanne minti 45: lissafi, fahimtar rubutu, da nazarin bayanai. Maki daga 205 zuwa 805, sakamako na aiki shekara biyar, kuɗinta dalar Amurka 275 a cibiyar jarrabawa. Lissafin cikinta bai kai wanda ɗan shekarar farko a EMIG ke yi ba. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne Ingilishi da agogo, domin har tambayoyin lissafin da Ingilishi ake karanta su, cikin kimanin minti biyu kowace. Wanda ya yi karatunsa duka da Faransanci ya ware mafi yawan watannin shirinsa ga karatun Ingilishi, kuma kada ya yi gangancin rubuta ta a gida ta intanet inda wuta ko layi ke iya ɗaukewa. Akwai cibiyoyi a Abuja da Legas. Makarantun Faransa da dama suna karɓar TAGE MAGE, tambaya 90 cikin awa biyu da Faransanci, yawancin makarantun yankinmu kuma nasu gwaji da hira suke yi, ba ruwansu da GMAT. Shi ya sa biyan kuɗin jarrabawa kafin zaɓen makaranta ɓarna ce ta sama da jika 150.

Makin jami'a ma yana son bayani. A tsarinmu 12 cikin 20 abin yabo ne, 14 kuwa sai ƙwararre. Mai tantancewa a ƙasar Ingilishi yana iya ganin 12 ya ɗauka kashi 60 cikin ɗari ne, ɗalibi matsakaici. Maganinsa takarda daga makarantar da ke nuna matsayin mutum a ajinsa da yadda ake ba da maki.

Inda aka fi faɗuwa shi ne rubutun bayanin kai. An tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma injiniya ya ƙara da sabon rubuta rahoto inda babu mai aiki, sai dai "an haƙa", "an kafa", "an miƙa". Makarantar kasuwanci kuwa so take ta ji wane hukunci kai ka yanke, a kan wane dalili, me ya biyo baya. Hanyar fita daga wannan kunya ita ce a bar lambobi su yi magana. Wanda ya rubuta cewa yana son ya taimaki ƙasarsa ta ci gaba bai faɗi komai ba, dubu sun rubuta haka. Wanda ya rubuta cewa ya tarar da shato yana jan ruwa kaza yana sayar da kaza, ya gano inda bambancin yake, ya shawo kan kwamitin gari da mai gari aka sauya mai karɓar kuɗi ba tare da rigima ba, ya nuna lissafi da shugabanci a sakin layi guda, kuma bai yi alfahari ba, abin da ya faru kawai ya faɗa. Masu neman shiga daga manyan birane ba su da irin wannan labari. Kura-kuran ɗan karkara biyu ne a nan: ko ya ɓoye ƙauyensa don yana ganin ƙasƙanci ne, ko ya mayar da shi labarin tausayi. Jihar da aka fara Mata Masu Dubara a cikinta a 1991, tsarin asusun mata da ya bazu ƙasashe da dama, jihar da manomanta suka farfaɗo da itatuwan gonakinsu ta hanyar sassabe na zamani tun daga shekarun 1980, tana da darasin gudanarwa da za a koya daga gare ta. Alƙaluman farashi na SIMA da takardun lissafin noma na RECA suna nan ga mai son ya kafa hujjar shirinsa a kan bambancin kuɗin tiyar wake tsakanin kaka da bazara.

Takardar shaida daga shugaba ita ma tana da nata tarko. Al'adarmu ita ce a nemi sa hannun babban mutum, ɗan majalisa ko darakta a Yamai, don nauyin sunansa. Makaranta ba ta san shi ba, kuma shi bai san aikin mai nema ba, sai ya rubuta layi uku na yabo. Wanda ake so shi ne shugaban da ya ga mutum a bakin aiki, ko da ƙaramin shugaban sashe ne a Mayahi. A je masa da wuri, a tuna masa ayyukan da aka yi tare, a bayyana masa cewa wannan ba takardar shaidar aiki ba ce mai cewa wane ya yi aiki daga ranar kaza zuwa kaza. Shekarun sibik, wato bautar ƙasa, da na kwantiragi da ƙungiyoyi duk ƙwarewa ce da ake ƙirgawa, muddin akwai takarda.

Sai ƙaramin abu mai ɓata babban shiri, wato suna. A Nijar sunan uba ne ke zama sunan iyali, kuma rubutunsa na sauyawa daga takarda zuwa takarda: Mahaman a takardar haihuwa, Mahamane a ta bak, Maman a fasfo, wani lokaci sunan uba ya riga na ɗa. Wanda aka yi wa takardar haihuwa a kotu bayan shekaru yana iya samun ranar haihuwa biyu. Na'urar makaranta da ta ofishin biza ba su san uzuri ba. Gyaran yana bi ta kotu da makarantun da aka gama, yana kuma cin watanni, don haka shi ne aikin farko. Takardar shaidar rashin laifi kuwa wata uku take aiki, ita ce ta ƙarshe da za a ciro.

Idan aka jera duka, shirin na bukatar kamar shekara ɗaya da rabi kafin ranar shiga aji. Watannin farko na gyaran suna, fasfo, karɓo takardun maki da fassara su, da shawarar gida. Daga nan a tsayar da makarantu uku ko huɗu da ba ƙasa ɗaya suke ba, ba kuma biza ɗaya suke bukata ba. Sannan jarrabawa, in makarantun sun nema. Manyan makarantun ƙetare sukan rufe zagayen farko a Satumba, na biyu a Janairu, kuma kuɗin tallafi ya fi yawa a farkon. Injiniyan gine-gine da na ruwa ya lura cewa aikinsa ya fi zafi da rani, lokacin da hanyoyi ke biyuwa, don haka damina ce lokacin karatunsa da rubutunsa; na aikin gona kuwa akasin haka.

Hukuncina shi ne, cikin injiniyoyin Tasawa da Mayahi masu wannan buri, mafi yawansu Dakar, Kano, Zariya ko Maroko ta fi musu, wasunsu ma kwas ɗin wata shida a lissafin SYSCOHADA da dokar kwangilar gwamnati ya ishe su. Manyan makarantun ƙetare na wanda ya samu tallafi cikakke ne. Kira kuma ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da reshen Maraɗi na majalisar 'yan kasuwa ta ƙasa: su haɗa kai su buɗe masta na gudanarwa na ƙarshen mako domin injiniyoyi masu aiki, a koyar da dokar OHADA da ta Najeriya gefe da gefe, a gayyato Alhazai da masu riƙe da shato su shiga aji su yi bayani. Daga Tasawa zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne a kan kwalta, mutum na iya zuwa Juma'a da yamma ya koma bakin aikinsa Litinin da safe.